Daga waya zuwa buhun hatsi: Yadda ake haɗa agaji ta kafofin sada zumunta

A daren 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye sassa da dama na birnin Maiduguri, lamarin da ba a ga irinsa ba tun 1994. Kafin wayewar gari, Facebook da WhatsApp da X sun cika da saƙonnin mutanen da ruwa ya ritsa da su, suna bayyana unguwa da layin da suke domin masu ceto su isa gare su. Cikin 'yan kwanaki kuma aka fara yaɗa lambobin asusun banki don tara gudummawa.

Tara kuɗi shi ne mataki mafi sauƙi. Wanda ya rasa gidansa ya koma sansani irin na Bakassi, abinci da tabarma da magani yake buƙata. A nan ne kasuwanni irin ta Dawanau, da ke ƙaramar hukumar Dawakin Tofa a Jihar Kano, suke da muhimmanci, domin a irinsu ake mayar da kuɗi buhunan gero da masara da wake. Dillalin hatsi ya san farashin ranar, ya san direban da zai ɗauki kaya, ya san kuɗin lodi. Idan masu tara gudummawa suka sa irin waɗannan mutane a zauren WhatsApp ɗaya da wakilan waɗanda abin ya shafa, kuɗin sun fi yin auki.

Sai dai akwai haɗari. 'Yan damfara kan ɗauko tsofaffin hotuna su liƙa lambar asusunsu. Haka kuma agaji kan taru a unguwar da aka fi ɗaukar bidiyonta, ƙauyen da babu intanet kuwa a manta da shi.

Saboda haka, kafin ɗan kasuwa ko ma'aikaci ya tura kuɗinsa, ya dace ya tabbatar da sunan da ke kan asusun, ya nemi sanin wa ke da alhakin rabo. Masu tarawa kuma su riƙa wallafa abin da ya shigo da rasit ɗin abin da aka saya, su tuntuɓi hukumar NEMA da ta jiha da masu unguwanni, domin su ne ke da jerin gidajen da agaji bai kai ba.