Kwandon mako a Faransa: yadda gona ke tsara girkin gida a lokacin zafi

A biranen Faransa da dama, rana ɗaya a kowane mako da yamma, mutane kan taru a ɗakin taron unguwa ko a harabar wata ƙungiya, kowa da jakarsa. Manomi ya sauke akwatunan kayan lambu daga mota, an rubuta a allo abin da kowane gida zai ɗauka: tumatir kilo kaza, albasa ɗauri ɗaya, latas kai biyu. Babu tayi, babu ciniki, babu mai miƙa kuɗi, domin an riga an biya tun watanni da suka wuce. Wannan tsari shi ake kira AMAP. Ɗalibai da iyalan Hausawa da ke zaune a can sukan ji labarinsa a bakin maƙwabta, sai dai wanda ya shiga bai shirya ba yana iya ƙarewa da zubar da rabin abin da ya biya da guminsa.

Mene ne AMAP?

Sunan taƙaitawa ne na Association pour le maintien d'une agriculture paysanne, wato ƙungiyar riƙe noman ƙananan manoma. An kafa ta farko a shekarar 2001 a garin Aubagne, kusa da Marseille, tare da wasu manoma mata da miji, Denise da Daniel Vuillon, masu gona a Ollioules. Sun ga irin tsarin a Amurka, inda ya fara a 1986, kuma kafin nan Japan tana da nata mai suna teikei tun shekarun 1970. A yau ƙungiyoyin AMAP sun haura 2,000 a Faransa.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Gidaje kaɗan, sau da yawa ƴan gomiya, suna sa hannu a yarjejeniya da manomi ɗaya na tsawon wata shida ko shekara. Suna ba shi cek na kuɗin tun farko, yana cira kashi-kashi, shi kuma yana kawo musu abin da gonar ta bayar kowane mako. Kwando ɗaya yakan kama daga Yuro 10 zuwa 25, gwargwadon girmansa da yankin. Kwandon Yuro 15 ya kai kusan jika goma na sefa.

Kuɗin ba bashi ba ne irin wanda ɗan kasuwa ke bai wa manomi kafin damina ya karɓi hatsi da araha a kaka. Mai saye ya amince zai raba riba da asara da mai noma. A 2021 ruwan sama ya yi yawa a lokacin zafi, ciwon mildiou ya lalata tumatir a gonaki da yawa. A 2022 kuma fari ya sa aka taƙaita amfani da ruwa a kusan dukan jihohin ƙasar. A irin waɗannan shekaru kwando yakan rage, amma manomi ba ya rasa kuɗin shigarsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ƙidayar 2020 ta nuna saura gonaki kusan 390,000, bayan ɓacewar kimanin 100,000 cikin shekaru goma.

Kalandar da ta juye

Wanda ya taso a Maraɗi, Garwa ko Njamena ya san cewa kayan miya suna araha ne a lokacin sanyi, sa'ad da lambunan rani suka nuna, tumatir kuwa yakan yi tsada da damina. A Faransa abin a juye yake. Watannin Yuni zuwa Satumba su ne kakar lambu. Yuni na kawo latas, kokwamba, sabon dankalin Turawa, courgette da ganyen blette. Daga tsakiyar Yuli tumatir, tattasai, aubergine, koren wake da basilic suke shigowa, su yi ta zuba har Satumba. Bayan nan sai kabewa, kabeji, karas da poireau su mamaye kwando har ƙarshen hunturu.

A nan wahalar take. A kasuwa, uwargida ce ke yanke abin da za a ci, sannan ta je ta sayo. A AMAP gona ce ke yankewa. Courgette tana girma da sauri ƙwarai idan zafi ya kama, don haka gida zai iya samun kilo biyu mako bayan mako, ko yana so ko ba ya so. Amma akwai sauƙi ga mai girkin Hausa: tumatir, tattasai, albasa da ganye su ne tushen miyarmu. Kwandon zafi ya fi kowane kwando na shekara kama da kayan cefanen gida.

A fara da mai saurin lalacewa

Aikin farko ba girki ba ne, rabewa ne, a daren da kaya suka iso. Latas, basilic da ganyen blette su ne za a ci cikin kwana biyu ko uku. Courgette, kokwamba da koren wake suna jure kwana huɗu zuwa biyar a ƙasan firigo. Albasa da dankali suna yin makonni a wuri mai duhu da iska, amma kada a haɗa su waje ɗaya, domin suna gaggauta lalacewar juna.

Tumatir ba ya son firigo, sanyi yana kashe masa ƙamshi, don haka a bar shi a faranti a inuwa. A nisanta shi da kokwamba da ganye, saboda yana fitar da wata iska mai suna etilen da ke sa su yin rawaya. Idan radis ko betterave suka zo da ganyensu, a yanke ganyen nan take, in ba haka ba zai tsotse ruwan saiwar ta yanƙwane.

Baƙin kaya a tukunyar gida

Blette ganye ne mai faɗi da farar jijiya mai kauri, ɗanɗanonsa kusa da alayyafo. Ana yanka jijiyar ƙanana a sa ta tare da albasa tun farko, ganyen kuma a zuba shi minti biyar kafin a sauke. Da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, wadda shagunan Afirka ke sayarwa da sunan pâte d'arachide, yana ba da miyar ganye mai kyau. Yana kuma maye gurbin zogale a dambu: a turara kuskus, a haɗa da ganyen da aka tafasa aka matse, da albasa, mai da yaji.

Courgette ƴar dangin kabewa ce, sai dai ta fi ta ruwa kuma ba ta da zaƙi. Idan aka dafa ta sosai tana narkewa ta ɗaure miya, don haka tana shiga taushe ba tare da yara sun lura ba. Ana kuma gurza ta, a matse ruwan, a soya da ƙwai don karin kumallo.

Aubergine ƴar'uwar gauta da yalo ce. Matsalarta shan mai. Maganin shi ne a gasa ta ɗungurum har fatar ta ƙone, a ɓare, a daka naman da tafarnuwa, a zuba cikin jar miya da busasshen kifi. Haka ake cin ta da doya, dankali ko shinkafa.

Faransawan kudu suna da nasu maganin yawan kaya, wato ratatouille, girkin yankin Provence: aubergine, courgette, tattasai, tumatir, albasa da tafarnuwa a man zaitun. Masu girkin da suka ƙware sukan soya kowane iri dabam kafin su haɗa, don kada ya zama fate. Mai son ɗanɗanon gida ya ƙara attaruhu da ɗan daddawa. Tukunya ɗaya tana cinye rabin kwando, kuma ta fi daɗi washegari.

Ba kowane ganye ake ci ba

Bahaushe ba ya zubar da ganye, kuma wannan ɗabi'a tana da amfani a nan: ganyen radis, navet da betterave duk ana miya da su. Amma akwai iyaka. Ganyen dankalin Hausa abinci ne, na dankalin Turawa kuwa guba ne, haka ma dankalin da ya yi kore ko ya tsiro sosai. Ganyen rhubarbe shi ma ba a cin sa. Koren wake sai an dafa. Sannan ɗacin da aka saba da shi a gauta ko shuwaka ba ɗaya ba ne da ɗacin courgette ko kabewa. Hukumar lafiyar abinci ta Faransa, Anses, ta yi gargaɗi cewa irin wannan ɗaci alama ce ta wani sinadari mai sa amai da gudawa, kuma dafuwa ba ta kashe shi. A ɗanɗana ɗan yanki ɗanye, in da ɗaci a zubar.

Ajiyar hunturu

A Agusta da Satumba tumatir yakan fi ƙarfin ci. Shanya a rana, yadda ake yi a gida, ba ta cika yiwuwa a bene na birni ba, musamman a arewacin ƙasar mai laima. Hanya mafi sauƙi ita ce a markaɗa tumatir, tattasai da albasa, a dafa har ruwan ya ƙone ya yi kauri, a huce, a ƙulla daidai girki ɗaya-ɗaya a sa a sashen ƙanƙara. Koren wake a tsoma shi a tafasasshen ruwa minti uku, a sanyaya, sannan a daskarar. Gidan da ya yi haka zai ci jar miyar tumatirin gona a watan Janairu, lokacin da na kanti ba shi da ɗanɗano.

Kafin a sa hannu

Akwai abubuwa uku da ya kamata a tambaya. Na farko, hutun Agusta: kwando ba ya tsayawa don mai shi ya tafi ganin gida, sai ya samo wanda zai karɓa masa. Na biyu, aikin sa-kai: membobi ne ke karɓa-karɓa wajen rabon kaya, wani lokaci har da taimako a gona. Na uku, kuɗi: wasu ƙungiyoyi suna da rabin kwando ko ragin farashi ga masu ƙaramin ƙarfi, kuma akwai AMAP a harabar jami'o'i da dama domin ɗalibai. Gida biyu ma suna iya raba kwando ɗaya.

Tun da manomi yana zuwa da kansa, ana iya yi masa magana kafin ya sayi irin shekara mai zuwa. Kuɓewa da barkono mai zafi suna yi a kudancin ƙasar da cikin rumfunan leda, kuma idan gidaje biyar ko shida suka nema tare, maganarsu tana da nauyi. Tsarin ya riga ya ƙetaro Afirka ta Yamma, inda ake da ƙungiyoyi masu wannan suna a Kwatano da Lome. A can ma sharaɗin bai sauya ba: a biya manomi tun kafin ya shuka, a kuma koyi dafa abin da lokaci ya kawo.