Kalmar "Line" da 'Yarta "Layi": Matsalar Kalma Mai Ma'anoni da Yawa a Azuzuwan Kudancin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Baƙuwar kalma mai tsawo ba ta cika ɓatar da ɗalibi ba, domin ya san bai san ta ba, zai tambayi malami ko ya buɗe ƙamus. Wadda ke kayar da shi ita ce 'yar gajeruwar kalma ta yau da kullum, wadda yake ganin ya riga ya mallake ta, alhali kuwa ma'ana ɗaya ko biyu kawai ya riƙe daga cikin gomiya. Ingilishi na da irin waɗannan kalmomi birjik. Babban ƙamus na Oxford, a bugunsa na 1989, ya kawo ma'anoni 430 na aikatau "set", sannan da aka sake bitar aikatau "run" a 2011 aka sami ma'anoni 645. Wannan maƙala ta ɗauki kalmar "line" ne, saboda wani hali da take da shi: Hausa ta are ta tuntuni, ta mayar da ita "layi", har ta ba ta ma'anonin da Bature bai san su ba.

An ɗauki yankin Zangon Kataf da Kafanchan a matsayin misali saboda yanayin harsunansa. Yaro a Zonkwa ko Samarun Kataf yakan tashi da Tyap ko Jju ko Ikulu ko Anghan a gida, ya yi ciniki da wasa da Hausa, sannan ya tarar da Ingilishi a makaranta. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa, a 2022 aka faɗaɗa wannan zuwa shekaru shida na firamare, sannan a Nuwamban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da komawa ga Ingilishi a matsayin harshen koyarwa. Ko wane tsari aka bi a takarda, idan bayani ya cije a aji mai yara daga harsuna huɗu, Hausa malami kan koma wa. Ke nan duk abin da "layi" ke nufi a Hausa, shi yaron zai ɗora wa "line" ta Ingilishi.

2.0 Asalin kalmar da yadda ta zama layi

Tushen kalmar shi ne "linea" ta Latin, wato zaren lilin. Daga zare aka sami igiya, daga igiyar da magini ke miƙewa aka sami zane miƙaƙƙe, daga zane kuma aka sami jerin mutane ko na kalmomi, da iyaka, da hanyar da abu ke bi. Wanda ya riƙe hoton zaren da aka miƙe ya riƙe mabuɗin akasarin ma'anonin kalmar.

Hausa ta karɓe ta a zamanin mulkin mallaka, kuma hanyar jirgin ƙasa na daga cikin manyan ƙofofin da ta shigo. Dogo ya isa Kano a 1911. Wanda ya taso daga Fatakwal ya ratsa Inugu da Makurɗi ya biyo ta Kafanchan da Zonkwa ya haɗe da na Kaduna, a 1927 kuma aka buɗe reshen da ya tashi daga Kafanchan zuwa Jos, aka ƙarasa shi har Maiduguri a 1964. Wannan mahaɗa ce ta mayar da Kafanchan gari, ta tara ma'aikata daga kudu da arewa, kuma "layin dogo" ya zama abin da ake kwatance da shi: wane yana zaune a tsallaken layi, gonar wane tana bakin layi.

Abin lura ga malamin nahawu shi ne yadda baƙin ƙarshe ya faɗi. Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, don haka kunnen Bahaushe ya ɗauki "n" ɗin ƙarshe a matsayin ta mallaka, irin ta "gidan malam". Sai aka sami "layi" da "layin dogo", kamar yadda "engine" ta ba da "inji" da "injin niƙa". Ta kuma sami jam'i irin na gida, "layuka". Kada a rikita ta da "layi" na mashayi ko mai jiri, wanda ke tafiya yana layi yana tangaɗi. Wannan wata kalma ce daban da rubutu kawai ya haɗa su.

3.0 Inda suka haɗu da inda suka rabu

Akwai fagen da harsunan biyu suka yi daidai, kuma ba ya buƙatar dogon bayani: layin da ake ja da rula, layin littafin rubutu, layin dogo, layin wutar lantarki, layin waya. Ko a nan ma an sami motsi. Kafin 2001 layin waya igiya ce ta gaske da ke bin turaku. Da wayar hannu ta shigo a shekarar, igiya ta ɓace amma suna ya zauna, har ya koma kan ɗan katin da ake sa wa a waya da kuma lambar kanta: "ya sayi sabon layi", "an rufe masa layi".

Jerin mutane ma layi ne, a asibiti, a gidan mai, da wurin zaɓe, musamman a farkon shekarun 1990 da aka yi zaɓen ƙato-bayan-ƙato. Sai dai a Ingilishin Ingila, wanda littattafanmu suka fi bi, "queue" ake cewa. Mutanen Amurka ne ke cewa "line". Yaron da ya rubuta "we joined the line" bai yi kuskure ba, kuma bai kamata jan biro ya hau kansa ba. Abin da ya dace shi ne a nuna masa ɗayar.

Matsalar gaske tana farawa ne inda Hausa ta yi gaban kanta. A garuruwanmu layi titi ne ko lungu na unguwa, kamar Layin Zomo a Zariya, a kasuwa kuma sashe ne na masu haja iri ɗaya, layin 'yan citta, layin 'yan hatsi. A ganina kalmar "lane" ta ba da gudummawa a nan, domin kunnen da ba ya bambanta ta da "line" zai zuba su cikin "layi" guda. Sakamakon shi ne jimloli irin su "our house is in the third line", waɗanda duk mai duba takardun insha'i a wannan yanki ya san su. Haka kuma "ya saki layi", wato ya bar kan magana ko ya fara soki-burutsu, ba ta da hanyar shiga Ingilishi kalma da kalma. "He released the line" sai ta sa mai karatu ya nemi igiyar da aka saki. Abin ban sha'awa, wannan furuci ɗaya shi ne masana Hausa suka ɗauka don sunan sashen rubutu, "sakin layi", inda Ingilishi ke da kalmar da ba ta da dangantaka da "line" ko kaɗan. Ga kuma "jan layi", wanda ke iya zama aikin ja da rula, ko kuma layi mai launin ja, wato iyakar da ba a ƙetarewa.

Ɗaya ɓarin shi ne ma'anonin Ingilishi da ba su ƙetaro ba, domin Hausa na da kalmominta a wuraren. Igiyar shanya da zaren fatsa duk "line" ne a Ingilishi, kuma su ne mafi kusa da asali, amma ba Bahaushen da zai kira su layi. Salsalar sarauta ko tsatson iyali "line" ne. Sana'ar mutum ma haka, a "line of business". Kamfanin jiragen ruwa ko na sama "line" ne. Maganganun da ɗan wasan kwaikwayo ke haddacewa "lines" ne. "Drop me a line" na nufin ka rubuto mini 'yar wasiƙa. A darasin zamantakewa ɗalibi zai ci karo da "poverty line", mizanin kuɗin shiga da ake auna talauci da shi, ya yi zaton jerin matalauta ne masu jiran rabon abinci, kuma zatonsa na da hujja daga abin da ya sani. A darasin ɗinki kuwa aikatau "line" na nufin yi wa riga shafi, ma'anar da ta fito daga yadin lilin da ake sa wa a ciki.

Akwai wata asara da ba a cika kula da ita ba, kuma ta shafi darasin Hausa kai tsaye. Saboda "layi" na da sauƙi, tana ture tsofaffin kalmomi. Jerin masallata sahu ne, layin rubutu sheɗara ne, layin baitin waƙa ɗango ne, layin shuka a gona kunya ce. Ɗalibin da Hausa harshensa na biyu ne, kamar yawancin na wannan yanki, yana iya gama sakandare da "layi" kaɗai a duk waɗannan gurabe. Ba laifin aro ba ne, amma manhajar Hausa ce ke da alhakin ba shi sauran.

4.0 Abin da wannan ke nema daga manhaja

Jerin kalmomi na gargajiya, Ingilishi a hagu Hausa a dama, shi ne ke dasa matsalar. Ranar da aka rubuta wa yaro cewa "line" ita ce "layi", an koya masa gaskiya guda da kuskure goma. Ya fi kyau kalma irin wannan ta riƙa dawowa a matakai: a ƙananan azuzuwan firamare a tsaya kan ma'anonin da ake gani da ido, zane da jeri da dogo, a manyan azuzuwa a kawo igiya da iyaka da waya, a ƙaramar sakandare a shiga na zuriya da sana'a da salon magana. A kowane mataki a ba da kalmar cikin jimla, a tambayi ɗalibi abin da ke kewaye da ita wanda ya nuna masa ma'anar.

Wannan aiki ba na malamin Ingilishi kaɗai ba ne. Ɗalibin da ya fara gane cewa kalma na da 'ya'ya a harshen da ya iya, ba zai firgita da ita a baƙon harshe ba. Malamin Hausa na da "ci" a hannunsa: cin abinci, cin jarrabawa, cin bashi, cin amana, cin sarauta, cin kasuwa. Yana da "tasha", ita ma ta aro, ta jirgi da ta mota da ta rediyo. Yana ma da sunan garin: zango masaukin fatake ne, ya zama tazarar da ke tsakanin masauki biyu, yau kuma ana cewa zangon karatu da zangon mulki. Daga nan sai a nemi kowane yaro ya kawo aikatau guda daga Tyap ko Jju ko harshen gidansu mai irin wannan hali, ya bayyana wa 'yan aji, malami ya zama mai sauraro. Cibiyoyin horar da malamai, irin su Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, su ne wurin da ya kamata a fara gwada haɗa malaman darussan biyu kan kalma ɗaya a mako ɗaya.

Game da gwaji, tambayar "mece ce ma'anar line?" ba ta da amsa guda, don haka bai dace ta fito a takardar jarrabawa ba. A maimakonta a ba ɗalibi jimloli biyar masu ɗauke da kalmar, a ce ya nuna waɗanda "layi" za ta iya zama a gurbinsu, sannan ya kawo kalmar Hausa da ta dace da sauran.