Kulle Ba Ya Raya Gini: Tsofaffin Wuraren Sakkwato da Taron Jama'a

Duk lokacin da aka ce za a yi wani taro a ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren Sakkwato, sai gardama ta kaure a majalisu. Wasu su ce a hana, wai sawun jama'a ne ke cinye kayan tarihi, gara a garƙame wurin a bar wa masu bincike da baƙi. Niyyarsu mai kyau ce, amma tarihin garin nan bai goyi bayansu ba.

A dubi Hubbare, makwancin Shehu. Tun rasuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1817 masu ziyara ba su yanke ba, daga Nijeriya da Nijar da gaba da nan, kuma a nan aka binne 'yarsa Nana Asma'u. Masallacin Shehu da na Muhammadu Bello kullum cike suke da masallata da masu sauraren karatu. Ƙofar fadar Sarkin Musulmi kuwa ita ce matattarar hawan salla da naɗin sarauta. Waɗannan duka suna nan. To ina ganuwar birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809? Da aka daina buƙatarta, sai aka daina yaɓe ta, ruwa ya ci, masu ɗibar ƙasa suka ƙarasa. Yau akasarin abin da ya rage sunaye ne: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Atiku.

Babban abokin gaban ginin ƙasa ruwa ne. Indararo ɗaya ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, ya sauka cikin azara, gara ta biyo danshi, damina biyu ko uku sai rufi ya rufta. A wurin da jama'a ke shiga da fita, ranar da ɗigo ya soma ranar wani zai gani ya faɗa. A wurin da aka kulle, sai bango ya faɗi ake jin labari.

Akwai ɓarnar da ta fi wannan, kuma da sunan gyara ake yin ta: shafa siminti a kan bangon tubali. Bangon ƙasa yana shan danshi daga tushe, yana fitar da shi ta jikinsa idan rana ta buɗe. Yaɓen gargajiya na ƙasa da makuba yana kore ruwan sama, amma ba ya hana bangon bushewa. Siminti kuwa toshe shi yake yi. Kamar a zuba ɗanyen gero a buhun leda a ɗaure ne: daga waje lafiya lau, ciki kuwa yana ruɓewa. Ranar da simintin ya ɓamɓare, da naman bangon yake tafiya. Abin takaici, sau da yawa irin wannan aikin ake ba kwangila, domin shi ke ƙyalli ranar buɗewa.

A garin Jenne na ƙasar Mali, babban masallacin ƙasa da aka gina a 1907 yana tsaye har yau saboda kowace shekara mutanen gari, maza da mata da yara, suna fitowa su yaɓe shi a matsayin biki. Taron shi ne gyaran.

Wannan ba ya nufin a saki wuri ga kowa da komai. Hubbare wurin ziyara da ladabi ne, ba dandalin shagali ba. Inda taro ya dace, a ƙayyade yawan mutane, a hana kafa ƙusa a bango, a nisanta janareta da manyan lasifikoki, kuɗin da aka karɓa kuma ya koma ga maginan gargajiya kafin faɗuwar damina. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, mai ajiye tsofaffin rubuce-rubucen daular Sakkwato, ta cancanci a riƙa cika harabarta da ɗalibai da masu lacca, ba baƙi kaɗai ba.

Kira ga gwamnatin jiha da majalisar Sarkin Musulmi: a rubuta waɗannan ƙa'idoji, a ware kuɗin yaɓe duk shekara, a buɗe wa jama'a ƙofa. Mu kuma da muke shiga, mu bar wurin da tsabta fiye da yadda muka same shi.