Waƙar Kufai a Bakin Mutanen Sahrawi

Duk wanda ya durƙusa gaban malam a zaure har karatu ya kai shi ga Shu'ara ya san yadda mawaƙan Jahiliyya suke buɗe ƙasida. Mawaƙi zai tsai da raƙuminsa a wani kufai, ya dubi duwatsun murhu da gurbin turakun tanti, ya tuna waɗanda suka taɓa zama a wurin, sai hawaye. Imru'ul Ƙaisi ne uban tafiya a nan. Mu dai karatu ne a wurinmu: a biya, malam ya fassara, a shafa fatiha a tashi. Amma can yammacin Sahara akwai mutanen da wannan salo bai zama tarihi a wurinsu ba, da shi suke kwana suke tashi. Su ne Sahrawi, masu magana da Larabcin Hassaniyya, kuma irin wannan waƙa suna kiranta adlal, wato kufai.

Sai dai mawaƙin dā yana tsaye ne a kan kufan da yake wa kuka. Na Sahrawi kuwa daga nesa yake hange.

A ƙarshen shekarar 1975 Sifaniya ta fara tattara nata ya nata tana barin Yammacin Sahara, Maroko da Muritaniya suka shigo, yaƙi ya ɓarke tsakaninsu da Polisario, ƙungiyar Sahrawi mai neman 'yanci. Dubban mutane suka tsallaka zuwa Aljeriya, suka yada zango kusa da Tinduf, a wani fako mai tsakuwa da ko akuya sai ta yi da gaske. Daga 1980 zuwa 1987 Maroko ta gina ganuwar yashi mai tsawon kilomita kusan 2,700, ta shuka nakiyoyi a gindinta, ta raba ƙasar biyu. Abin da 'yan gudun hijirar suka fara yi shi ne raɗa wa sansanoninsu sunayen garuruwan da suka baro: Ayun, Samara, Dakhla, Ausard, daga baya Bujdur. Yaro zai ce maka shi ɗan Dakhla ne alhali bai taɓa ganin teku ba, ita kuwa Dakhla ta asali a bakin teku take.

Ba a jin waƙar nan a kan dandamali kamar yadda ake jin ta a gindin butar shayi. Wanda ya sha shayin Buzaye a Agadas zai gane tsarin. Ana shimfiɗa darduma a cikin tanti, maza da manyan rigunansu na darra'a, mata lulluɓe da malhafa. Mai haɗa shayi ya jawo ɗan kaskon gawayi, ya jera ƙananan kofunan gilashi a faranti, ya ɗaga buta sama yana tsiyayowa, daga wannan kofi zuwa wancan, ya mayar, ya sake, har kumfa ta tsaya a bakin kowane kofi. Zuwa uku ake yi, na farko da ɗaci, na ƙarshe sassauƙa. Suna cewa shayi ba ya cika sai da jim uku: jama'a, da jarr wato jan lokaci, da jamr wato garwashi. Wanda ya yi hanzari ya ɓata shayi, ya kuma nuna rashin tarbiyya. To a cikin wannan jan lokacin ne, tsakanin kofi na ɗaya da na biyu, wani dattijo zai gyara murya ya jefo gaf, 'yar gajeriyar waƙa mai ɗango huɗu. Wani ya cafe ya mayar masa da tasa. In zama ya yi daɗi sai a shiga ɗal'a, wadda ta fi tsawo kuma take ɗaukar labari.

Labarin kuwa tafiya ce. Mawaƙi zai taso da ayari daga wata rijiya, ya ambaci sunanta, ya bi ta wani kwari, ya ambace shi, ya nuna dutsen da ake bari a hannun dama da wanda ake dosa in rana ta karkata. Yawanci Tiris ake nufa, yankin kudu mai shimfiɗaɗɗen fili da baƙaƙen duwatsu, inda ciyawa ke tsirowa bayan ruwa, raƙuma su yi ƙiba, nono ya wadata. Kowane suna da ya faɗo daga bakinsa, akwai wata tsohuwa a gefe da za ta gyaɗa kai, don a nan aka haifi ɗan farinta, ko a nan aka binne mahaifinta. Matattu suna shigowa waƙar ba sallama: ga wanda ya saba tatsar taguwa da daddare, ga wadda take kaɗa nono a salka kafin gari ya waye. Ba fatalwa ba ce mai ban tsoro, mutanen gida ne da aka ƙi yarda su tafi. Ga kuma duwatsun Layuwad a cikin Tiris, waɗanda mutanen yankin suka daɗe suna cewa mazaunin aljannu ne, mawaƙa kuma suna ɗaukar su tamkar rijiyar da ake ɗebo baiti.

Mata suna da tasu ta daban, tabra'a, ɗango biyu kacal, ta bege da kewa, kuma bisa al'ada ba a faɗin wadda ta yi ta.

Sunan da ya fi fitowa in ana zancen adlal shi ne Badi, wanda sunansa na yanka Muhammad Mustafa Muhammad Salim, an haife shi a 1936. Lokacin da wasu suka duƙufa kan waƙoƙin yaƙi, irin su Al-Khadra Mabruk da ake wa laƙabi da mawaƙiyar bindiga, shi ƙasa ya riƙe. Shahararriyar waƙarsa sunanta Tishuwash, kalmar da ke nufin daɗin tuna abin da ya wuce. Ya cika waƙoƙinsa da kalmomin makiyaya: sunayen tsirrai, kayan raƙumi, ire-iren ƙasa da iska. Da gangan ya yi haka. Yaron da ya tashi yana bin layin rabon garin alkama da man girki ba shi da inda zai ji waɗannan kalmomi, kuma kalmar da aka daina faɗa ta kama hanyar kushewa.

A nan ne nake da 'yar magana. Ƙasar da ke cikin waƙoƙin nan kusan kullum damina take. Fari da ya karkashe dabbobi, da hare-haren ƙabilu, da bauta da ta taɓa wanzuwa a cikinsu, ba su cika samun gurbi a baiti ba. Ban ga laifinsu sosai ba. Wanda aka raba da gida ba ya tuna inda ɗakin yake yoyo. Amma mai saurare ya sani cewa abin da zuciya ta tace ne yake ji.

Na baya sun ɗauki abin ta wata fuska. Da yawa an tura su karatu Kyuba tun suna yara, suka dawo da Sifaniyanci a baki. A 2005 wasunsu, ciki har da Limam Boisha da Bahia Mahmud Awah, suka kafa ƙungiyar marubuta a Madrid, suna rubuta waƙa da harshen tsohon ɗan mulkin mallaka, suna kewar wuraren da wasu a cikinsu suka baro tun ba su yi wayo ba. A sansanoni kuma baitin da dā sai an haddace yanzu yana yawo a waya, murya daga Samara ta Tinduf zuwa 'yan uwa a bayan ganuwa.

Badi ya rasu a 2019 yana ɗan gudun hijira. Ƙuri'ar raba gardama kan makomar ƙasar da aka yi alkawari lokacin tsagaita wuta a 1991, ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, har yau ba a kaɗa ta ba.