Yashi Mai Wanke Ruwa

Idan rani ya yi nisa, kogi ya ƙafe, mutanen da ke zaune a bakinsa sukan tona ɗan rami a cikin yashi, su dakata. Jim kaɗan sai ruwa ya tsattsafo, ya taru a ramin garai-garai, ko da kuwa na kududdufin da ke kusa ya yi jawur saboda laka. Dalili kuwa shi ne, ruwan nan ya ratso ta tsakanin ƙwayoyin yashi, su kuwa suka riƙe dattin, suka bar ruwan ya wuce. Wannan baiwa da Allah Ya yi wa yashi ita masana suka lura da ita, har suka ƙago matatun ruwa iri-iri.

A shekarar 1829 wani injiniya mai suna James Simpson ya gina babbar matatar yashi a birnin Landan, domin a tace ruwan kogin Thames kafin a kai wa mutane. Amfanin irin wannan matata ya fito sarai a ƙasar Jamus a 1892. A lokacin nan garuruwa biyu maƙwabta, Hamburg da Altona, duk daga kogin Elbe suke ɗiban ruwan sha. Mutanen Altona suna tace nasu da yashi, na Hamburg kuwa ba sa tacewa. Da annobar kwalara ta faɗo, sai ta kashe mutum fiye da 8,000 a Hamburg. A Altona kuwa kaɗan ne suka kamu, alhali su ne a gangare, inda ƙazantar Hamburg take biyowa ta wuce.

Akwai wata ƙaramar matatar yashi da ake gani a manyan masaukan baƙi da gidajen masu hali, inda aka gina tafkin wanka da siminti, ko aka kafa na roba a tsakar gida. Tafkin nan yana cin ruwa galan dubbai, saboda haka ba ya yiwuwa a zubar a sake zuba sabo kullum. Ga ƙura, ga ganyaye, ga gumin masu wanka. Sai aka yi dabarar injin da zai riƙa zuƙo ruwan, ya bi da shi ta cikin yashi, ya mayar da shi tafkin.

Injin nan sassansa huɗu ne. Na farko famfo mai aiki da lantarki, a gabansa da ɗan kwando mai tare ganye da gashi. Na biyu tanki mai kama da randa, inda yashin yake. Na uku bawul mai mariƙi a bisa tankin, wanda ke nuna wa ruwa hanyar da zai bi. Na huɗu ɗan agogo mai allura ɗaya, mai nuna ƙarfin matsin ruwa. A gindin tankin akwai 'yan bututu a shimfiɗe kamar yatsun hannu, kowane da tsaga siriri wadda ruwa ke iya shiga amma yashi ba ya iyawa. Ruwa mai datti yakan zubo daga sama, ya gangara ta cikin yashi, ya shiga yatsun nan da tsabtarsa, ya hau ta bututun tsakiya, ya koma tafki.

Wanda zai kafa injin, sai ya fara neman wuri mai ƙarfi, shimfiɗaɗɗe, kusa da tafkin, inda ruwan sama ba ya kwanciya. Sa'an nan ya duba yatsun nan ɗaya bayan ɗaya, ko akwai fasasshe. Daga nan ya zuba ruwa a tankin har wajen rabi, domin kada nauyin yashi ya faɗa wa yatsun ya karya su. Ya toshe bakin bututun tsakiya, kana ya riƙa zuba yashi sannu sannu, gwargwadon awon da maƙera injin suka rubuta a jikinsa. Ba kowane yashi ake sawa ba. Akwai na musamman, wankakke, tankaɗaɗɗe, wanda kowace ƙwayarsa ba ta wuce kamar rabin milimita ba. Yashin gini yana da laka, rairayi kuwa ya cika laushi, sai ya bi ta tsaga ya fita.

Bayan an ɗaura bawul, an haɗa mesa, an ɗaure ko'ina tam, sai a cika gidan kwandon famfo da ruwa, a rufe. Lalle ne kada a tayar da famfo ba ruwa a ciki, gama zai yi zafi ya lalace. Haɗa wutar kuwa aikin gwanin lantarki ne, shi ma sai ya sa na'urar da ke yanke wuta nan take in ta sami hanyar zurarewa, domin haɗuwar ruwa da lantarki tana kisa. Aikin farko da za a sa injin shi ne wanke sabon yashin, don ƙurarsa ta fita waje. Idan an gama, aka mayar da shi kan tacewa, sai a dubi inda allurar agogo ta tsaya, a rubuta lambar a ajiye. Da lambar nan za a riƙa gane lafiyar injin daga baya.

Yau da gobe datti yakan cushe tsakanin ƙwayoyin yashi, ruwa ya riƙa wucewa da ƙyar, allura kuwa ta riƙa hawa. In ta ɗara lambar farko da laba 8 zuwa 10, to, lokacin wanki ya yi. Sai a kashe famfo, a juya mariƙi zuwa wurin wanki, a sake kunnawa. Yanzu ruwa zai juya hanya, ya taso daga gindi, ya motsa yashin, ya kwashe dattin ya fita da shi ta mesar zubarwa. Akan bar shi minti 2 ko 3, har ruwan da ake gani ta ɗan gilashin bawul ya yi fari. Sa'an nan a kashe, a juya zuwa ɗauraya na kamar rabin minti, domin yashin ya koma ya kwanta. A sake kashewa, a mayar kan tacewa. Doka guda ce a nan wadda ba a karyawa: ba a taɓa mariƙi famfo yana aiki, don kada robar cikin bawul ta yage.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Haka kuma injin nan ba ya ɓaci ba dalili, kowace cuta tasa da alamarta. Idan allura ta faɗi ƙasa, ruwa yana fita a raunane, matsalar tana gaban famfo: ko kwando ya cika da ganye, ko ruwan tafki ya ragu har famfo yana zuƙar iska. Idan kumfa yana fitowa tare da ruwa, sai a duba zoben robar murfin kwando da mahaɗan mesa, gama ta nan iska takan saci hanya. Idan allura ta ƙi sauka bayan wanki, a duba ko an bar hanyar komawar ruwa a rufe, ko yashin ya dunƙule. Idan aka ga yashi ya taru a ƙasan tafki, galibi ɗaya daga cikin yatsun ne ya fashe, sai an kwashe yashin an sake shi. Amma kafin a buɗe tanki dole a kashe wuta, a saki matsin da ke ciki, don kada murfi ya yi tsalle ya ji wa mutum ciwo.

Idan kuwa duk waɗannan lafiya suke, amma ruwa ya ƙi washewa, sai a tambaya ko ana barin injin ya yi aiki isasshe. Yawanci yana bukatar kamar awa 8 a kowace rana. Ko kuma yashin ne ya tsufa, ƙwayoyinsa suka yi sulɓi, ruwa ya fasa wa kansa hanya guda yana bi ba tare da ya tacu ba. Saboda haka akan sake yashi bayan shekara 3 zuwa 5.

Sai dai akwai abin da wannan inji ba ya iyawa. Matatar Altona mai aiki sannu ce. Ruwa yakan daɗe yana tsiyaya, a bisa yashin kuma wata 'yar yana mai rai takan tsiro, wadda ke kama ƙwayoyin cuta. Matatar tafkin wanka kuwa mai sauri ce, ƙura da datti kaɗai take tarewa, ƙwayoyin cuta suna wucewa abinsu. Don haka ake zuba kulorin a ruwan daidai awo, ya kashe su, ya hana gansakuka. Maganin nan yana da ƙarfi, akan ajiye shi nesa da yara, ba a kuma gauraya shi da wani magani. Ruwan tafki na wanka ne, ba a shansa, kome haskensa. Yara kuma ba sa shiga sai da babba a kusa, ba sa wasa a bakin ramin da injin ke zuƙar ruwa, gama yana iya riƙe gashi ko hannu.

Tambayoyi

1. Me ya sa annobar 1892 ta fi yi wa Hamburg ɓarna bisa Altona?
2. Don me ake zuba ruwa a tanki kafin a zuba yashi?
3. Wace alama ce ke nuna lokacin wanke yashi ya yi?
4. Me ya sa ake zuba kulorin ko da ruwa ya yi garai-garai?