Yadda A Ke Awon Daji Yana Tsaye

Manoma 'yan'uwana, kowa ya san ba a sayen gyaɗa sai an ɗora buhu a kan sikeli. To, yau akwai cinikin da a ke biyan ƙasa kuɗi don ta bar dajinta a tsaye. Wani zai ce, ina sikelin da zai ɗauki daji? Zancenmu ke nan na wannan mako.

Ga mafarin abin. Itace yana zuƙar wata iska, ya tace wani abu mai suna kabon daga cikinta, ya ajiye a jikinsa. Baƙin nan na gawayi, shi ne kabon. Busasshen itace kusan rabin nauyinsa kabon ne. In aka sare aka ƙone, sai kabon ya haɗu da iskar da wuta ke ci ya tashi sama, har tan 1 na itace ya ba da fiye da tan 1 da rabi na iskar kabon. Ita ce ke ƙara wa duniya zafi, damina ta rikice.

Saboda haka a 2005 ƙasashen Papuwa Niu Gini da Kosta Rika suka kawo shawara a taron Majalisar Ɗinkin Duniya, a riƙa biyan ƙasar da ta rage saran daji. Shirin ne a ke kira REDD+, aka kuma tsai da dokokinsa a 2013. Amma ba a biya sai da awo, awon kuwa hawa huɗu ne.

Na farko, faɗin daji. Taurarin ɗan'adam na Landsat suna ɗaukar hoton ƙasa tun 1972. A gwada hoton bana da na bara, sai a ga kadada nawa aka share.

Na biyu, nauyin itace. Ba a iya auna kowane itace, sai a yi yadda mai sayen hatsi ke yi, ya soki buhu nan da can ya san abin da ke ciki. Malaman daji su kan yanki ƙananan filaye a wurare dabam dabam. Kowane itacen da ke ciki a zagaye gindinsa da awo a daidai ƙirjin mutum, watau ƙafa 4 da inci 3 daga ƙasa, a auna tsawonsa, a rubuta irinsa. Iri kuwa ba abin wasa ba ne: maɗaci da rimi ko kaurinsu ɗaya, maɗaci ya fi nauyi nesa. Da wannan a ke lissafin nauyin itacen, a ƙara na saiwa, a fid da kabon.

Na uku, tarihin sara. A duba yawan dajin da a ke sarewa kowace shekara a da, a gwada da na yanzu. Ragin da aka samu kaɗai a ke biya. Nan ne algus ke shiga, domin wanda ya zuga saran da, zai karɓi kuɗin itacen da ba wanda ya yi niyyar taɓawa.

Na huɗu, shaida. Masu bincike daga waje, waɗanda ba su da rabo cikin kuɗin, su bi takardun, su sāke awon waɗansu filayen. Su kan kuma duba kada a hana sara a nan, masu gatari su koma ƙetaren rafi.

Abin ba tatsuniya ba ne. A 2023 Bankin Duniya ya biya Gana dala miliyan 4.8 saboda rage fiye da tan 970,000 na iskar kabon a yankin noman koko, watau dala 5 kowane tan. A Nijeriya kuwa jihar Kuros Riba aka fara gwada shirin.

To, in wani ya zo garinku da takarda yana neman kabon dajinku, ku tambaye shi: wa ya yi awo, wa ya shaida, nawa ne rabon gari, shekara nawa za a hana mu itacen girki da kiwo? Kada ku dangwala hannu sai an karanta muku a gaban dagaci. Allah ya ba mu damina mai albarka.