Idan murhu ya ƙi ci: yadda ake gyara shi ba da kashe kuɗi ba

A Nijar, mafi yawan gidaje da itace suke girki. Tun cikin shekarun 1980 aka fara yaɗa ingantaccen murhu domin rage cin itace. Iri biyu aka fi sani: Mai Sauƙi, na ƙarfe, wanda maƙera ke ƙerawa, da Albarka, na laka, wanda uwargida ke iya ginawa da hannunta. Amma wata rana murhun yakan fara hayaƙi, ko ya ci itace da yawa, ko tuwo ya daɗe bai nuna ba. Sai wasu su jefar da shi, su koma ga duwatsu uku. Wannan asara ce, domin mafi yawan matsalolin ana gyara su ba a kashe ko dala ba.

Mi wuta take bukata?

Wuta tana bukatar abu uku: busasshen itace, iska da zafi. Idan ɗaya ya gaza, murhu ba ya ci da kyau. Saboda haka a bi bincike daki-daki, a fara da abin da ba ya cin kuɗi.

1. A duba itace

Ɗanyen itace yana da ruwa a ciki. Wuta tana ɓata ƙarfinta wajen ƙafar da ruwan, sai hayaƙi ya yi yawa. A faskara itace ƙanana, a shanya shi, da damina a ajiye shi inda ruwa ba ya taɓa shi. Kada a cika bakin murhu: itace biyu ko uku sun isa.

2. A duba hanyar iska

Toka tana toshe iska. A kwashe ta kafin a hura wuta. A juya ƙofar murhun ƙarfe wajen da iska ke fitowa, amma idan iskar ta yi ƙarfi, kamar ta hunturu, a ɗan kare ta da zana daga nesa.

3. A duba tukunya

Kowane murhu da girman tukunyarsa. Tsakanin tukunya da bangon murhu ya kamata a sami ƴar ƙaramar tazara, kamar kaurin ƙaramin yatsa, ta kewaye ko'ina. Idan tukunya ta yi ƙanƙanta, zafi ya gudu sama. Idan ta yi girma ta toshe bakin, hayaƙi ya dawo ta ƙofa, wuta ta mutu. A kuma kankare baƙin da ya taru a gindin tukunya, domin yana tare zafi.

4. A duba jikin murhu

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka zafi ke fita ta tsagar murhun laka. A kwaɓa laka da ƙaiƙayi da kashin jaki ko na shanu, a bar ta ta kwana biyu ko uku. A jiƙa tsagar da ruwa, a cusa lakar, a shafe. A bar murhun ya bushe sarai a inuwa kafin a hura wuta, in ba haka ba zai sake tsagewa. Idan duwatsun da ke ɗauke da tukunya sun nutse, a ɗaga su, domin wuta ta sami fili.

Murhun ƙarfe kuwa tsatsa ke cinye shi. Kada a kashe wutarsa da ruwa, kada a bar shi cikin ruwan sama. Idan ƙasansa ya huje, ko ƙarfen da ke riƙe tukunya ya lanƙwashe, a kai wa maƙeri ya yi masa faci. A nan ne kawai za a biya kuɗi, kuma faci bai kai sayen sabo ba.

Gargaɗi na lokacin ɗari

A watannin Disamba da Janairu, mutane sukan shiga ɗaki da garwashi su rufe ƙofa. Wannan yana da haɗari ƙwarai. Gawayi mai ci yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana iya kashe mutum yana barci. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Idan an ga haka, a buɗe ƙofa, a fitar da kowa waje, a garzaya gidan likita. Kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki.

Hayaƙin girki ma cuta ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutane fiye da miliyan 3 a duniya. Mata da ƙananan yara su suka fi shaƙar ta. Uwa mai goyo ta nisantar da jariri daga hayaƙi.

Mu tuna

Itace, iska, tukunya, jikin murhu: a duba su bi da bi. Sai an gama waɗannan huɗu ake tunanin sayen sabon murhu.